Jan Bulo a Lambun Hajiya Rabi

Ban taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a farkon Disamba ba, ranar da na sauka daga bas a unguwar Glenwood, na leƙa ta saman shingen gidan Hajiya Rabi, na ga furannin da na dasa da hannuna sun koma gonar dankali. Kunyoyi aka ja dogaye, aka lailaye su da kyau, irin aikin wanda ya san fartanya tun yana ƙarami. Bakin ganyen kaɗai ke leƙowa ta sama. Na daɗe riƙe da ƙyauren shingen ban tura ba.

Bari in koma baya, saboda ku da kuka shigo aikin nan bana. Kamfaninmu ƙarami ne, na kula da lambunan gidaje. Mai shi dattijuwa ce Ba'amurkiya, muna ce mata Madam. A ƙarƙashinta akwai shugabannin ayari, sai mataimaka, sai masu koyo. A lokacin ina shekarata ta biyu a matsayin mataimakiya, ban daɗe da gama karatun ilimin tsirrai a jami'a ba, kuma ba a taɓa damƙa mini aiki ni kaɗai ba. Madam takan ce hannuna yana da kyau, sai dai da ta juya baya za ta same ni tsaye ina kallon inuwar ganye a jikin bango. Ba ƙarya ta yi mini ba.

Furen da ake magana a kai shi ne airis. Ba mu da shi a gida, shi ya sa ba shi da wani suna a bakinmu. Ganyensa dogaye ne masu faɗi, suna fitowa a jere kamar mafici. A Afrilu yake yin fure, manya-manya, masu laushi kamar tsohon siliki. Amma ransa duka yana cikin saiwarsa, wata aba mai kauri kamar ɗanyar citta. Ita wannan saiwa a saman ƙasa take kwanciya, bayanta a waje tana shan rana, ƙananan jijiyoyi kuma su nutsa su riƙe ta. Ba ta son a binne ta. In aka binne ta cikin laima, ruɓewa take yi.

A nan garin, lokacin dasa shi daga ƙarshen Yuli ne zuwa Satumba, don jijiyoyin su sami makonni su kama ƙasa kafin sanyi ya sauko. Ƙasar nan jan yumɓu ce mai riƙe ruwa. In sanyi ya yi ƙarfi sai ta daskare ta kumbura, rana ta fito ta narke ta koma. Wannan kumburi da komawa shi ke turo duk saiwar da ba ta kama ba waje, a wayi gari a same ta kwance a sama, jijiyoyinta a bushe.

Mijin Hajiya Rabi, Malam Kabiru, ya rasu a farkon Yuli na shekarar. Ya yi shekaru yana aikin haɗa magani, kuma duk yammar da ya dawo gida a bayan gidansu na Summerfield ake samunsa, durƙushe a gaban airis ɗinsa. Bayan rasuwarsa 'ya'yan suka yanke shawarar a sayar da gidan, Hajiya ta koma wani ƙaramin gida a Glenwood kusa da 'yarta. Abu ɗaya ta ce ba za ta bari a baya ba, furen Malam.

A Agusta Madam ta aika cewa a bari mu zo mu tone su, lokacinsu ke nan. Hajiya ta aiko da amsa cewa ba wanda zai taɓa lambun sai ta fita takaba. Madam ta kira ni ofis ta tambaye ni ma'anar kalmar. Na yi mata bayani cewa matar da mijinta ya rasu tana zama a gidansa wata huɗu da kwana goma, ba ta ƙaura, ba ta kwalliya, kuma Hajiya ba ta son buɗe taga ta ga ramuka a inda yake durƙusawa. Madam ta lissafa da yatsu, ta kai tsakiyar Nuwamba, ta rufe ido.

"Ba za a bar su har baɗi ba?" na tambaya.

Ta ce, "Masu sayen gidan gareji za su gina a wurin, da zarar watan ya ƙare. Ke za ki je, Zulai. Ke ce mai jin yarenta. Ki sani kin makara tun kafin ki fara."

Ranar da muka tone su, dawakin maƙwabta suna tsaye a bakin shinge suna fitar da tururi ta hanci. Da cokali mai yatsu na haƙa muke ɗaga kowane gungu, a hankali, don kada jijiya ta tsinke. Sai a karkaɗe ƙasar, a ɓalle tsohuwar uwar saiwa da ta gama haihuwa a yar, a ajiye 'ya'yan masu ganye. A rage ganyen da almakashi ya koma kamar tsawon tafin hannu, don kada iska ta kama shi ta girgiza saiwar. A tsoma cikin ruwa mai ɗan bilic, sinadarin wanki mai kashe ƙwayoyin cuta, a shanya su sha iska. Hajiya ta fito da mayafi ta tsaya daga nesa. Sai da muka loda na ƙarshe, sannan ta ce, "Ki riƙe su amana, 'yata. Hannunsa ne ya taɓa su."

Tun daga wannan maganar barcina ya ragu.

Washegari na dasa su a Glenwood, a gefen gidan da rana ta fi daɗewa. Kowanne na yi masa ɗan tudu a tsakiyar rami, na ɗora saiwar a kai, na baza jijiyoyin ta gefe biyu na rufe, bayan saiwar yana waje. Saboda mun makara, na yi abin da ake yi a irin wannan hali, na ɗora jan bulo guda a kan kowace saiwa, ya danne ta kada sanyi ya turo ta. Layi-layi, a miƙe, ganye tsaye a gaban kowane bulo. Na ɗauki hoto na tura wa Madam, ta ce aiki ya yi. Na leƙa ƙofa na ce wa Hajiya kada a zuba ruwa da yawa, kada a cire bulo sai bazara. Ta dubi lambun ta bayan kafaɗata, ta ce, "To. Allah ya yi albarka." Na ji muryarta ta yi ƙasa, na ɗauka gajiyar ƙaura ce.

Sanyi ya sauko a ƙarshen watan. Kullum idona yana kan hasashen yanayi a waya, ina cikin wani lambun amma zuciyata tana can. Na kira Hajiya sau biyu, ta ce lafiya lau, kada in damu. Sai hasashe ya nuna ruwan sama mai yawa zai sauka ranar Asabar da yamma, bayansa kuma sanyin da ya fi na baya. Ba ranar aiki ba ce, amma na kasa zama. Na hau bas zuwa babbar tasha ta cikin gari, na sauya wata, na tafi hannu rabbana, ba ko cebur. To, shi ne na tarar da kunyoyi.

Wani dattijo yana tsakiyarsu da fartanya, yana gyara bakin ta ƙarshe. Alhaji Isuhu ne, mutumin Maraɗi, tsohon direban babbar mota, aminin marigayi. Na san shi a masallaci da wuraren suna. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗiyata, kin zo? Zo ki ga aiki," in ji shi, yana murmushi har kunne. "Ku 'yan lakkwal, 'yan boko, ban san mi aka koya muku ba. Kun bar abin mutane a hili cikin wanga sanyi, ba riga ba wando. Na iske su kwance a sama kamar kihin da ruwa ya tahi ya bari. Har Summerfield na koma na ɗebo takin doki, na ruhe su da kyau. Yanzu jardan ya zama jardan, lambu na gaske."

Na ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba. Yaushe aka yi aikin?"

"Ya fi mako. Kuma kullum sahe ina zuwa in ba su ruwan ɗumi."

Taki, ruwan ɗumi, da ƙasa mai kaurin taƙi guda a kan saiwar da ba ta son ko mayafi. Na ce masa ina zuwa, na fita bakin titi na kira Madam.

Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ki tone su yau, kafin ruwan nan. In ruwa ya same su a haka, sanyi ya biyo baya, ba za ki sami ko ɗaya ba. Je ki gaya masa ya yi kuskure."

Na ce, "Madam, ba a gaya wa dattijo haka a wurinmu. Sa'an mahaifina ne."

"To ki nemo yadda ake gaya masa a wurinku. Amma ki nemo kafin ƙarfe huɗu. Kuma ina bulo ɗin da kika sa?"

Sai a lokacin na lura. Suna can jikin shinge, an jera su a tsanake, ɗaya kan ɗaya.

Ban koma wurin Alhaji ba, na shiga ciki. Hajiya tana zaune a kan darduma a ɗakinta, carbi a hannu, kusa da wata taga mai tsawo da ta sauko kusan ƙasa. Ta kama hannuna ta ce, "Zulai, wannan hannu kamar ƙanƙara. Zauna in sa miki shayi." Na ce a'a, na zauna a ƙasa kusa da ita.

"Mama, bulo ɗin nan, wa ya kwashe?"

"Ni ce."

Ta juya wajen tagar. Can ta ɗaga labulen da yatsa biyu ta ce, "Kin san mu mata ba ma raka gawa. Ban je ba. Ɗana ne ya nuna mini hoton maƙabartar a waya, don na matsa masa. Jar ƙasa, irin wannan. Layi-layi. Kowanne da ɗan abu a ajiye a wajen kai." Ta saki labulen. "Ki zauna nan inda nake, ki tuna yadda kika jera su. Kullum in na idar da asuba gari ya yi haske, abin da nake fara gani ke nan. Na yi haƙuri kwana da kwanaki, don kin ce kada a cire. Ranar nan na kasa. Na fita da kaina na kwashe, ɗaya bayan ɗaya."

Na leƙa ta tagar daga inda take zaune. Ni a tsaye na yi aikina, a tsaye na ɗauki hoto. Daga ƙasa, ido daidai da lambun, ban buƙaci a mayar da bulo ba kafin in ga abin da ta gani.

Ta ci gaba. "Da sanyi ya zo sai ya tofo su waje. Na fita na gan su a yashe, jijiyoyi a sama. Abin Malam a ƙasa ba sutura, Zulai? Shi ne na kira Alhaji. Kunyoyin da ya ja kuwa ba su dame ni ba. Kunya gona ce, gida take tuna mini." Ta dube ni sosai. "Mun kashe su ko?"

Na ce, "Ban sani ba tukuna, Mama. Amma sai an tone su yau. Kuma na yi miki alkawari bulo ba zai koma ba."

Na faɗi haka ban san da me zan danne su ba.

Na fita. Sama ta fara haɗa baƙi ta yamma. Na je kusa da Alhaji na sake russunawa na ce, "Baba, ina neman alfarma. A wurin aikinmu in an dasa abu ana buɗe ɗaya a duba lafiyarsa. Ni hannuna ba ya jure fartanya kamar naka. Ko za ka buɗe mini guda?"

"Ga ta nan, 'yar lakkwal za ta yi mini jarrabawa," in ji shi, yana dariya. Ya sa fartanya ya buɗe bakin kunya ta farko. Saiwar ta fito da ƙarfinta, na latsa ta da babban yatsa ban ji komai ba. Ya ce, "To, malama, na ci?" Na ce ko za a ƙara ɗaya daga tsakiya, inda takin ya fi yawa. Ya buɗe. Wannan karon kafin in miƙa hannu warin ya riga ni. Ya ɗauko ta da kansa, yatsansa ya nutse a gefenta kamar a cikin dafaffen dankali, wani ruwa mai yauƙi ya biyo hannunsa.

Bai dube ni ba. Ya kai ta hanci, ya juya ta, ya daɗe yana kallon yadda jijiyoyin suka fito ta ƙasa kaɗai, saman kuma sumul.

"Bon, to," in ji shi a hankali. "Wanga ba dankali ba ne. Ɗan'uwan albasa ne. Albasa in ka ruhe mata kahaɗa, ta gama yawo." Ya goge hannu a wando. "Kabiru ya taɓa gaya mini, ina ta surutuna ban ji ba. Kawo mi za a yi, ɗiyata. Lokaci na tahiya."

Muka rushe kunyoyin, shi da fartanya, ni da hannu. Ya kwashe takin da baro ya kai bayan gida. Na shiga na karɓo cokalin cin abinci da bilic a wurin Hajiya. Duk saiwar da ta fara laushi sai in kwakule ruɓaɓɓen da cokali har in kai farin nama mai ƙarfi, in wanke da ruwan bilic, in ajiye a kan katako ta sha iska. Waɗanda suka tafi gaba ɗaya na zuba su a leda, ba a mayar da su cikin taki, don cutar tana yaɗuwa. Duk wadda na jefa sai na ji kamar na ci amanar da aka ba ni. Ledar tana nauyi, sama tana ƙara duhu, ni kuma har lokacin ban san abin da zai riƙe sauran ba. A ma'ajiyar kamfani muna da ƙusoshin waya masu lanƙwasa da ake kafe irin wannan, amma ma'ajiyar tana can wani gefen gari, a kulle.

Na ce wa Alhaji da za a sami waya mai ɗan kauri, da mun lanƙwasa ta kamar baka mun kafe kowace saiwa, ba abin da za a gani daga ɗaki. Ashe Hajiya tana tsaye a bakin ƙofa. Ta juya ciki. Jim kaɗan ta fito rungume da maratayan kaya na waya, dami guda, suna ƙara a jikin juna.

"Na Malam ne," in ji ta. "Rigunan an yi sadaka da su. Waɗannan ban san me ya sa na taho da su ba."

Alhaji ya karɓa da hannu biyu. Ya je motarsa ya ɗauko filaya, ya zauna a kan matakala yana yankawa yana lanƙwasawa yana miƙo mini. Hajiya ta ƙi komawa ciki duk da sanyin. Ina ɗora saiwa a kan ɗan tudunta, in baza jijiyoyi, in rufe, in kafe wayar ta rungume ta, in danna da tafin hannu. Alhaji yana ta tsokanata wai in yi sauri, in daina tsayawa kallo kamar mawaƙiya, hadari ba ya jiran baiti. Ɗigon farko ya faɗo a bayan wuyana saura layi ɗaya. Mun gama shi a jiƙe, yatsuna ba sa jin wayar.

Ranar Litinin na ba Madam rahoto. Ta tambayi nawa suka tafi, na ce wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Ta ce ta zaci rabi. Da na gaya mata dalilin kwashe bulo sai ta cire tabarau ta ajiye, ta ce shekarunta nawa tana ɗora wa mutane bulo a lambu, ba ta taɓa tambayar kowa abin da yake gani ba.

Sauran lokacin sanyin a kan bas na yi shi. Duk sanda ƙasa ta daskare ta narke, sai in je in bi su ɗaya-ɗaya da babban yatsa. Da ƙasa ta yi tauri sosai na yafa musu busasshen ganyen itacen fain, mai siriri kamar allura, sama-sama, irin wanda iska ke ratsawa, na kwashe shi da sanyi ya fara sauƙi. Wasu ƙalilan sun ƙara tafiya. Sau da yawa nakan tarar Alhaji ya riga ni, yana tsaye hannu a baya, ba fartanya ba bokiti, ya ce kallo kawai ya zo yi, an hana shi aiki.

A Maris sabon ganye ya tsago ta tsakiyar tsofaffin, kore shar. Na ja wata saiwa a hankali, ta ƙi tasowa. Ta kama. A wurin na zauna a kan jar ƙasar. Na riga na gaya wa Hajiya cewa airis da aka dasa a makare ba kasafai yake fure a shekarar farko ba, kuma haka aka yi, kara ɗaya-ɗaya ne suka fito a Afrilu. Ta ce ita ganyen ma ya ishe ta, tunda mai rai ne. Sai a bazarar da ta biyo baya lambun ya cika, ta kira ni ina tsakiyar aiki a wani gida, ta ce in zo yanzu, kada in tsaya wanke hannu.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. A makaranta an koya mini abin da saiwa take so, kuma ba a yi mini ƙarya ba. Amma mu dasawa muke yi mu tafi, mai gida ne ke kwana da aikin ya tashi da shi, kuma mutanenmu ba za su ce maka abin da ka yi ya sosa musu rai ba. Za su sa maka albarka, in ka tafi su gyara da hannunsu yadda suka iya. Shi ya sa yanzu, kafin in kwashe kayan aiki a kowane gida, nakan yi sallama, in cire takalmi, in roƙi mai gidan ya nuna mini inda ya fi zama. In zauna a wurin, in kalli abin da na yi. Sau da yawa nakan tashi in koma waje in sake ɗaukar cebur.